Takardu uku a teburin Kawu: VMware, Hyper-V, Proxmox, da inda za a kafa rumbun tsimi

Kawuna ɗan kasuwa ne a Yamai. Yana sarin shinkafa, sukari, man girki da taliya, yana da mangaza biyu a cikin gari da reshe ɗaya a Tawa, ma'aikatansa sun kai arba'in. Duk lissafin wannan dukiya yana cikin tsofaffin kwamfutoci uku da ke jibge a wani lungu na ofishinsa: ɗaya ta kontabul, ɗaya ta kayan mangaza da faktir, ɗaya ta takardun da ma'aikata ke ajiyewa. A watan Afrilu, da zafi ya kai inda yake kaiwa, ta tsakiyar ta kwana biyu ba ta tashi ba. Daga baya ta tashi, amma hankalin Kawu bai kwanta ba, ya sa aka kawo masa farashi daga wurare uku.

"Ɗana, zauna ka duba mini waɗannan takardun," in ji shi. "Kowa ya rantse nasa ne daidai."

"To, Kawu. Amma kafin in duba, ina da tambaya biyu. In komai ya tsaya yau, awa nawa kasuwa za ta jure? Kuma aikin awa nawa za ku yarda ya ɓace, a sake shigar da shi da hannu?"

Ya yi shiru, sannan ya ce rabin wuni suna iya tafiya da littafi da alƙalami. Amma faktir na wuni guda in suka salwanta, rigima ce da ƴan sari wadda ba ya fatan gani. Da waɗannan amsoshi biyu na auna duk abin da ke cikin takardun, kuma duk mai irin wannan zaɓi a gabansa ina roƙonsa ya fara amsa su kafin ya kalli sunan kowane kamfani.

Takarda ta farko: sabobi biyu, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran na ofis hidima, da VMware, da babban akwatin diski guda da za su yi tarayya a kansa. Ta biyu: sabobi biyu da Windows Server da Hyper-V. Ta uku ta ce a bar ƙarfe gaba ɗaya, a kwashe komai zuwa sabobin haya a Turai. Ni na ƙara ta huɗu da hannuna, wato Proxmox.

Ban da ta ukun, duk dabara ɗaya ce. A daina saya wa kowace manhaja injinta, a sayi saba mai ƙarfi a yanka ta ɗaki-ɗaki kamar gidan haya. Kowane ɗaki kwamfuta ce cikakkiya da Windows ɗinta ko Linux ɗinta, tana jin ita kaɗai ce a gidan, masu sana'a na ce mata VM. VMware da Hyper-V da Proxmox su ne masu gidan hayar, masu raba wa kowa furosesa da RAM da diski. Ana yabon dabarar da rage kuɗin ƙarfe da na wuta, kuma haka ne. Abin da ya fi mini daraja a cikinta shi ne kwamfutar da ta zama VM ta zama fayil: ana kwafe ta sukutum, a kai ta kan wani injin da ba irin na farko ba, a tayar da ita cikin mintuna. Haɗarinta kuma a fili yake, ranar da gidan ya faɗi duk ƴan hayar suna waje. Shi ya sa takarda ta farko da ta biyu kowacce ta zo da saba biyu.

Mai gidan haya: wa za a ɗauka?

VMware ba a raina shi. Shekaru ashirin ke nan shi ne gwani a wannan fage, bankuna da kamfanonin waya a kansa suka ginu, kuma kusan duk manhajar kasuwanci ta san da zamansa. Ƙaurar da VM daga saba zuwa saba tana cikin aiki, ba tare da mai amfani ya ji ko gezau ba, shi ya koya wa duniya ita. Matsalarsa yau kuɗi ce da rashin tabbas. A watan Nuwamba na 2023 kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware, cinikin da aka sanar a kan dalar Amurka biliyan 61. Wata guda bayan haka aka daina sayar da lasisin dindindin. Da can ka saya ka mallaka, yanzu haya ce shekara-shekara, ana ƙirga ta a kan zukatan furosesa, wato ƙananan sassan da ke yin lissafi a cikinta, kuma ko furosesarka na da zuciya 8 sai ka biya kuɗin 16. ESXi, wato manhajar VMware da ake girkawa a kan saba, na kyautarsa an janye shi a Fabrairun 2024, an dawo da shi a Afrilun 2025, amma wanda aka dawo da shi ba ya shiga gungu, wato haɗin sabobi masu aiki tare, kuma manhajojin ɗaukar kwafi ba sa iya aiki da shi yadda ya kamata. Na gwaji ne, ba na riƙe dukiyar mutane ba.

Ga mai VM ɗari biyu da ma'aikatan da suka shekara goma suna aiki da shi, tashi daga VMware na iya fin zama tsada. Kawu VM biyar zai yi, in ya yi yawa shida. Sayen tirela ne don ɗaukar buhu goma, kuma kowace shekara sai an nemo kuɗin waje an biya, a farashin da ba shi ke yanke shi ba. Wanda kuma ya ce zai ci gaba da tsohon VMware ɗinsa ba sabuntawa, ya tuna Fabrairun 2023, lokacin da masu garkuwa da bayanai suka kulle dubban sabobin ESXi, da yawansu a Faransa, ta wata kafa da aka fitar da maganinta tun shekara biyu kafin nan. vSphere 7, wato siga ta bakwai ta manhajar VMware, shi ma tallafinsa ya ƙare a Oktoban 2025.

Hyper-V na Microsoft ne, yana zuwa a cikin Windows Server tun 2008, ba a biyansa daban. Nan ƙarfinsa yake, domin manhajar kontabul da ta mangaza na Kawu duk a kan Windows suke gudu, lasisin Windows Server kuwa dole ne a saye shi ko wane mai gida aka ɗauka. Wannan batu masu tallan Proxmox kan tsallake shi, bai kamata ba. Lasisin Standard yana ba da izinin VM biyu masu Windows Server a kan saba guda, mai son huɗu sai ya ninka, Datacenter kuma ba iyaka amma kuɗinsa ya ninka na Standard sau da yawa. Ana ƙirgawa a kan zukata, mafi ƙaranci 16 ga kowace saba, ga kuma lasisin kowane ma'aikaci da zai shiga. Hyper-V yana da abu guda da nake so ƙwarai: yana iya tura kwafin VM zuwa saba ta biyu kowane daƙiƙa 30, ko minti 5, ko minti 15, ba tare da akwatin tarayya ba. Kuma duk yaron da ya iya Windows, cikin sati zai saba da shi.

Abin da ke sa ni ɗari-ɗari da shi shi ne yadda ake girka shi a ofisoshinmu. Sai ka tarar mai gidan da ƴan hayar duk kalmar sirri ɗaya ke buɗe su, wani lokaci ma a kan sabar ake buɗe wasiƙu. Ranar da ɓarawo ya sami wannan mabuɗin, ya sami gida da ɗakuna da rumbu. Laifin masu girkawa ne, amma da shi za a zauna, don haka yana cikin lissafi.

Proxmox wani kamfani ne ke yin sa a Biyana ta ƙasar Ostiriya, ya fito a 2008, an gina shi a kan Linux na Debian. Manhajar kyauta ce da duk abin da ke cikinta: gungu, ƙaurar VM tana aiki, kwafi, babu wani sashe da aka kulle sai ka biya. Abin da ake biya, ga mai so, shi ne sabuntawar da aka fi tantancewa da kuma tallafi. Matakin ƙasa ɗan sama da yuro 100 ne a shekara ga kowace furosesa, kuma tunda yuro ɗaya kusan sefa 656 ne ba ya motsi, ana maganar jika saba'in da wani abu ke nan. Ina ba da shawarar a biya. In wata shekara kuɗin bai samu ba, ko hanyar tura kuɗi waje ta toshe kamar yadda muka gani lokacin takunkumin 2023, sabar ba ta tsayawa, kuma ba ka karya dokar kowa ba. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun Afrilun 2024 yana da hanyar jawo VM kai tsaye daga ESXi, kuma Veeam, wadda da yawa suka saba ɗaukar kwafi da ita, ta fara aiki da shi a wannan shekarar.

Raunin Proxmox guda biyu ne, kuma na gaske ne. Ranar lafiya komai a shafin burauza ake yi, amma ranar da abu ya cije sai an buɗe baƙin allo an rubuta umarnin Linux. Na biyu, wasu masu sayar da manhajar kasuwanci in ka kira su da matsala suka ji ba VMware ko Hyper-V ba ne, sai su ɗora laifin a nan su janye hannu. Kafin mu yanke, sai da na sa aka tambayi masu manhajar kontabul ɗin Kawu a rubuce.

Akwai kuma XCP-ng, na kamfanin Vates da ke Faransa, shi ma buɗaɗɗe ne, kuma tallafinsa da Faransanci ake yi, abin da zai yi wa ma'aikatanmu daɗi. Ban sa shi a takarar ba don ban san wanda zan kira a Yamai ba in na yi tafiya.

Wannan dalilin shi ne ma'aunin da ya fi nauyi. Iya ruwa fidda kai. Manhajar da mutum biyu a garinku suka iya gyarawa da tsakar dare ta fi wadda ta fi ta kyau a takarda. In mai kula da injinanku ɗan Windows ne tsantsa kuma ba shi da niyyar koyon Linux, ku ɗauki Hyper-V da zuciya ɗaya, ku dai raba mabuɗan. Kawu yana da ni, yana da wani matashi a ofis da ya yi karatun Linux a jami'a kuma yana da ƙwazo, don haka muka karkata ga Proxmox.

Inda bayanan za su kwana

Akwatin tarayya na takarda ta farko shi ya cinye kusan rabin kuɗinta. Amfaninsa, in saba ɗaya ta mutu, ta biyu na ganin diski ɗin nan take, ta ci gaba daga inda aka tsaya, ba abin da ya ɓace. Amma a duba hoton da kyau: sabobi biyu, akwati ɗaya. An ninka abin da ke da sauƙin musanyawa, an bar wanda ke riƙe da dukiyar shi kaɗai. Akwatunan kirki suna da kwakwalwa biyu da wutar shiga biyu, ba sa yawan mutuwa. Sai dai in sun mutu, kayan gyaransu na kamfaninsu ne kawai, ba a samun su a kasuwar Katako. A Turai gobe da safe an kawo. Mu nan, tun da hanyar Kwatano ta rufe kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, ko a jira jirgi da kwastan, kasuwa ba za ta yi sati uku tana jiran wani ɗan allo ba.

Hanya ta biyu ita ce kowace saba ta riƙe diskinta a cikinta, ta farko tana tura wa ta biyu abin da ya canza lokaci-lokaci. A Proxmox da ZFS, wani tsarin ajiye bayanai a diski, ake yin haka, kowane minti 15 in ba a taɓa saitin ba, ana iya matse shi har minti ɗaya. In ta farko ta faɗi, abin da zai ɓace bai wuce aikin waɗannan mintunan ba, faktir biyu ko uku da takardunsu ke kan tebur. Kawu ya ce wannan ba komai. Sassan duk na gama-gari ne, ana iya ajiye diski biyu na canji a kabad. ZFS yana da wata fa'ida da ta dace da mu: duk abin da ya rubuta yana haɗa shi da lambar tantancewa, in ya zo karantawa ya ga sun saɓa, sai ya gyara daga ɗayan diskin. Inda wuta ke yankewa ba sallama, lalacewar da ba a gani ita ce mugunya, don sai bayan wata shida za a buɗe fayil a tarar da shi a dagule, alhali duk kwafin da aka ɗauka a tsakani dagulallen aka kwafa. Sharaɗinsa, a ba shi diskin kai tsaye ba ta katin RAID mai haɗa diski da yawa su zama ɗaya ba, a kuma wadata shi da RAM.

Hanya ta uku, Ceph, tana narkar da diskin sabobi da yawa su zama rumbu ɗaya. Tana da kyau, amma sai da saba uku aƙalla, da layin gigabit 10 a tsakaninsu, kuma tana ajiye komai sau uku: ka sayi tera 12 ka ci moriyar 4. Wannan na ma'aikatar gwamnati ne ko jami'a.

Kan jera diski kuwa ra'ayina ba ya rawa. Diski huɗu masu tera 4: RAID 5 zai ba ka tera 12, ya jure mutuwar ɗaya. RAID 6 zai ba ka 8, ya jure mutuwar kowaɗanne biyu. RAID 10, wato tagwaye biyu, shi ma 8, ya fi sauri, ya fi saurin warkewa. Mai sayarwa zai nuna maka 12 ɗin nan, araha kuwa ba ta ado. In diski ya mutu aka sa sabo, sai an karance sauran kaf kafin a cike gurbin. Diski mai tera 8, ko yana gudun mega 150 a daƙiƙa ba tsayawa, sai ya ci wajen awa 15, a cikin aiki kuma ya fi haka nesa. Duk tsawon lokacin nan sauran diskin, waɗanda aka saya rana ɗaya suka sha zafi ɗaya, suna aiki mafi tsanani a rayuwarsu. Na taɓa tsayawa a kan wani RAID 5 a wani kamfani a garin nan, na biyun ya mutu ana saura kaɗan a gama. Mai wurin ya zauna a ƙasa, ban manta fuskarsa ba. Ga VM, a sa SSD, wato diskin da ba ya juyawa, irin na saba, masu ɗan ma'ajin wuta a ciki da ke ƙarasa rubutu in an ɗauke, a jera su tagwaye. SSD na laftof ba ya daɗewa a wannan aiki.

Duk wannan zance banza ne in ɗakin bai dace ba. Ana son iskar da ke shiga saba ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27, mu kuwa Afrilu da Mayu sama da 40 muke kwana muna tashi, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Batirin dalma na ondular, wato na'urar da ke riƙe wuta kafin gurup ya tashi, an yi lissafin rayuwarsa a kan digiri 25, kuma duk ƙarin kamar digiri 10 yana raba ta biyu. Mun kuma ga abin da ya faru daga Agustan 2023, da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana mafi yawan wutarmu, ba a mayar ba sai Maris na 2024. Kuɗin da muka tsira da shi daga akwatin tarayya da lasisi, a nan muka zuba shi: ƙaramin ɗaki mai rufi da ƙofa mai kamawa, kilim biyu masu karɓa-karɓa, ondular irin wadda ke tace wuta koyaushe, batirin litiyom da faifan rana, da waya daga ondular zuwa sabobin don su kashe kansu cikin natsuwa in batir ya kusa ƙarewa. Ko ɗaya daga takardun uku ba ta ambaci ɗakin ba.

To, me ya hana a bi takarda ta uku a huta da zafi da ƙura? Ga wasiƙun ofis, ba abin da ya hana, can muka kai su. Ƙungiyar da ma'aikatanta ke warwatse daga Difa zuwa Tilaberi ma, haya a waje ta fi mata. Amma mai sayar da shinkafa da motoci a layi a ƙofar mangaza ba zai ce a jira intanet ba. Ƙasarmu ba ta da teku, zaren intanet ɗinmu ta ƙasashen maƙwabta yake bi, kuma ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama sun kwana cikin katsewar intanet. Zuwan Starlink a 2025 ya sauƙaƙa, yana da kyau a matsayin layi na biyu. Sabobin wajen dai haya ce ta wata-wata da kuɗin waje, manyan masu hayar kuma suna cajin fitar da bayananka daga wurinsu. Ga doka: muna da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP mai kula da ita, kuma fitar da bayanan ma'aikata da abokan ciniki waje yana da ƙa'idojin da sai an bi.

Rumbun tsimi

Manomi ya san bambancin rumbun da ake ci kullum da rumbun tsimi, wanda ba a buɗewa sai shekara ta ƙi. Duk abin da na lissafa a sama rumbun ci ne. RAID yana maganin mutuwar diski kaɗai. Saba ta biyu tana maganin mutuwar ta farko kaɗai: in kontabul ya goge lissafin shekara bisa kuskure, ko masu garkuwa suka kulle fayiloli, cikin minti 15 ta biyun ta kwafi ɓarnar da aminci. Hoton da ake ɗaukar VM kafin a taɓa ta yana da amfani, amma a diski ɗaya yake kwana da ita.

Ƙa'idar da masu sana'a suka yarda da ita ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Yau ana ƙara cewa ɗaya ya zama wanda ba ya jone da komai, ko wanda ba ya goguwa. Labari biyu ke sa ni nacewa. A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen sabobin OVHcloud a Sitirasbur, kuma akwai kamfanonin da kwafinsu ke cikin wannan harabar, suka rasa uwa da ƴa. Kawu, wanda ya ga ƙonewar babbar kasuwar Yamai a 1982, bai bukaci dogon bayani ba. Na biyun na kamfanin jiragen ruwa na Maersk ne a Yunin 2017, da cutar NotPetya ta shafe musu injina a duniya baki ɗaya. Kamar yadda aka ruwaito, sabar da ke riƙe da rajistar masu shiga guda ɗaya ce ta tsira, a ofishinsu na Gana, don an ɗauke wuta a can ta fita daga layi kafin cutar ta iso. Daga diskinta aka sake gina sauran. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Wurin ajiye kwafin farko, zaɓi biyu ne a gabanmu. Akwatin NAS, wato ƙaramin akwatin diski da ake jonawa a layin ofis, irin na Synology ko QNAP yana da sauƙi, ba ya cin wuta, kuma na Synology yana zuwa da manhajar da ke kwafe VM na VMware da Hyper-V ba ƙarin lasisi. Ga shago mai mutum biyar ko goma, NAS guda da diskin waje biyu sun wadatar, ba sai an shiga zancen gungu ba. A dai kiyaye buɗe shi ga intanet, don a 2022 cutar DeadBolt ta kulle dubban akwatunan QNAP da aka bari a buɗe. Mai Hyper-V kuma yana da Veeam, wadda ke da sigar kyauta har injina 10. Mu da muka ɗauki Proxmox, sai muka gyara mafi lafiya cikin tsofaffin injinan Kawu, muka sa mata sababbin diski da Proxmox Backup Server. Tana yanka bayanai gutsi-gutsi, ba ta ajiye gutsure ɗaya sau biyu, don haka kwafin kowane dare abin da ya canza ne kawai, kuma tana bin tsofaffin kwafi tana tantance lafiyarsu. Kalmar sirrinta dabam, ba ta cikin rajistar Windows ta ofis. Ita ce kuma ke ba da ƙuri'a ta uku, domin gungun saba biyu in layi ya yanke tsakaninsu ba mai rinjaye, sai da na ukun da zai raba gardama.

Kwafin nesa shi ne inda reshen Tawa ya yi rana. Fiye da kilomita 500 ne tsakani, gobara ɗaya ko ambaliya ɗaya ba ta haɗa su. Mai ajiye kwafinsa na biyu a gidansa na Harobanda ko wata unguwar bakin kogi ya tuna daminar 2020 da ta 2024. Mun kai ƙaramin inji Tawa, kuma shi ke jawo kwafin da dare, Yamai ba ta da ikon shiga cikinsa, don ɓarawon da ya ci Yamai kada ya sami hanyar goge na can. Lissafin layi ne ya tsara mana sauran. Tera ɗaya a kan layin megabit 10 kwana tara ne da ɗoriya, don haka kwafin farko a nan muka cika shi, injin ya bi mota ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni. Canjin kullum kuwa, ko ya kai giga 20, awa huɗu da rabi ne, yana ƙarewa kafin asuba. Wanda ba shi da reshe sai ya kama hayar rumbu a intanet irin Backblaze ko Wasabi, wajen dalar Amurka 6 zuwa 7 ga tera a wata a farashin 2025, ya kunna kullen da ke hana gogewa har zuwa ranar da aka sa. Ya dai sani ranar dawo da kayan ma kwana taran nan na jiransa.

Na ukun shi ne mafi arha kuma shi na fi yarda da shi: diskin waje uku, a kulle da mabuɗin sirri, ana juya su duk Juma'a, wanda aka cire ya tafi akwatin ƙarfen Kawu a gida. Kaset ɗin LTO ya fi su daɗewa, na tara yana ɗaukar tera 18, amma injin karanta shi tsada gare shi kuma ba ya shiri da ƙura, na banki ne da ma'ajiyar gwamnati. Tunda dokar kasuwanci ta OHADA, wadda ƙasarmu ke bi, ta ce a riƙe littattafan lissafi da takardun shaida shekara goma, duk ƙarshen shekara ana cika diski guda a rubuta shekarar a jikinsa, a kuma fitar da lissafin a fayilolin da kowace kwamfuta ke buɗewa, don ba tabbas manhajar yau na nan a lokacin. Mabuɗin sirrin mun buga shi a takarda biyu, ɗaya wurin Kawu, ɗaya a Tawa. In ya ɓace, kwafin ya zama dutse, ko mu ba mu iya buɗe shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata guda bayan an gama girkawa, ranar Asabar da la'asar, na ce wa Kawu ya zare wayar saba ta farko da hannunsa.

"Ɗana, ka tabbata?"

"Ku zare, Kawu. Gara mu gani yau."

Ya yi bisimilla ya zare. Matashin ofis ne ya tayar da VM ɗin a kan ta biyu, ni ina tsaye ban taɓa ba, yana bin takardar matakai da muka manna a bango. Ta mangaza ta tashi, ta takardu ta tashi. Ta kontabul ta tashi amma manhajar ta ƙi buɗewa, ashe lasisinta na cikin wani ɗan makulli na USB da ke soke a bayan sabar da muka kashe, ba wanda ya tuna da shi. Muka ciro shi muka soka a ta biyu, muka ƙara layi ɗaya a takardar bango. Sannan muka ɗauko diskin Juma'ar da ta wuce daga akwatin ƙarfe, muka dawo da VM ɗin kontabul daga cikinsa a gefe, kontabul ya zauna ya nemo faktir na ƙarshe na ranar Alhamis, ya karanta wa Kawu sunan ɗan sarin da adadin buhunan. Kawu ya duba littafinsa, ya gyaɗa kai, ya ɗauki alƙalami ya zagaye Asabar ta farko ta bayan wata uku a kalandar bango. Wannan karon daga injin Tawa za mu dawo da ita.